Leobardo Yana Nan

A garinmu ba a tambayar mutum ko yana sha'awar aikin gayya. Ranar Asabar da sassafe mai kiran sunaye, Don Filemon, zai hau barandar ofishin gari, ya hura lasifika ya ji ko tana raye, sannan ya shiga kiran sunayen magidanta gida-gida, daga bakin coci har gangaren rafi, duka da ka. Wanda aka kira ya ce, "Ga ni." Wanda ya tafi ƙetare, wato Amurka, sai wani nasa ya ce, "Yana nan." Amma ba maganar fatar baki ba ce. Duk wanda ya ce "yana nan" ya ɗauki diga ke nan, rabon mutumin na ranar ya hau kansa. Tekiyo muke ce wa aikin, kuma ba a biyan kowa. Shi ya yi mana hanya, shi ya yi makaranta da rufin coci. In aka yi damina guda ana kiran suna ba mai amsawa, an daina kiransa ke nan. Gonarsa da filin gidansa su koma hannun gari, kuma ko gawarsa aka kawo a akwati ba za a ba shi rami a makabartarmu ba. 'Yan birni suna cewa dokar ta yi tsauri. To, ran da dutse ya gangaro ya toshe hanya, su zo su ɗauke mana.

Sunan maza ake kira, amma in ka tsaya a dandalin ka kasa kunne, rabin muryoyin da ke amsawa na mata ne.

Domitila komadrena ce. Ni na riƙe ɗanta Leobardo a coci ranar baftismarsa, ya tsula mini fitsari a sabon mayafi, tun daga ranar muke kiran juna komadre, kuma a wurinmu wannan ya fi zama 'yan ɗaki ɗaya nauyi. Shi kaɗai ta haifa, ubansa kuwa ya mutu yaron bai isa shiga makaranta ba. Ya tashi dogo mai manyan kunnuwa, ba ya iya wuce mutum bai tsokane shi ba. Ni "Inna mai bakin barkono" yake ce mini, ya ruga kafin in cire takalmi. Da ya zama saurayi sai ya ce zai ƙetara ya yi shekara biyu yana tsinkar 'ya'yan itace, ya dawo ya cire wa uwarsa rufin nan mai yoyo. Ya kira daga wani gari na bakin iyaka, a wayar kanti, don ita kaɗai ce waya a garinmu a lokacin. Ya ce, "Mama, gobe za mu shiga hamada, in mun fita zan kira." Ba mu ƙara jin muryarsa ba.

Asabar ta zagayo, Don Filemon ya kira, "Leobardo Montesinos!" Domitila ta ce, "Yana nan."

A shekarar ce taron gari ya taso da maganar Farin Tudu. Shi ne tudun da ke bayan makabarta, wanda in rana ta take ba ka iya kallonsa sai ka kanne ido. Kakata ta ce a da daji ne, har mutum yana ɓata a ciki. Masu gawayi suka ci rabonsu, awaki suka ƙarasa, ruwan sama ya zo ya kwashe ƙasar ya kai wa mutanen kwari, ya bar mana farin dutse kamar ƙashi, zaizaya duk ta tsattsage shi. Idon ruwan da ke gindinsa ya ƙafe tun ina budurwa, muka koma bin jakuna har rafi. Malaman gona suka kawo dashen itacen okote a baƙaƙen ledoji, suka ce a haƙa dogayen ramuka a kwance a jikin tudun don su tare ruwa, a dasa a bakinsu. Kowa ya tafa. Da aka zo rabon aiki kuwa, kowa ya tuna da ciwon bayansa. Sai wani mai wayo ya ce a ba waɗanda ba sa nan, tunda ba sa nan balle su yi gardama. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, magana ta zauna. Haka Farin Tudu ya zama rabon tsofaffi da matan da aka bari.

Ni ma na hau, don a lokacin ina amsa wa mijina Nemesio. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, aikin azaba ne. Ka sara diga ta dawo maka har kafaɗa, wani lokaci har wuta take tartsatsi. Mun wuni muna sara, abin da muka haƙa bai isa kare ya kwanta ba. Damina ta zo muka dasa, rani ya zo ya ƙone su ƙurmus. Muka sake dasawa, awaki suka yi biki. Sai mutane suka fara zamewa. Wasu mazansu suka dawo, wasu suka bi mazan can, wasu suka sa samari su hau musu, samarin su ɗan yi wa ƙasa susa su kwanta barci.

Domitila kuwa ba Asabar kaɗai take hawa ba. Da ta gama gasa wainar masara ta safe, za ka hango ta ta ɗaura kwando a baya, igiyarsa a goshi, cike da baƙar ƙasa daga bakin rafi. Kowane dashe sai ta zuba masa tafi biyu. Da rani ta yi ta jigilar ruwa a jaki, da jakin ya mutu ta koma ɗauka da kanta. Akwai kuma abin da take yi wanda ba wanda ya sa ta. Duk ɗan dashen da ta kafa, sai ta nemo faffaɗan dutse ta tsayar masa ta wajen da rana ta fi dukansa, ya ɗan samu inuwa. Daga nesa sai ka ce makabartar jarirai.

Ana haka labari ya iso mini cewa Nemesio ya yi gida a can, da mace da 'ya'ya har da kare. Ban yi kuka ba, na dai fasa tukunya ɗaya, kuma dama ta tsage. Asabar na sa mayafina mai kyau na tsaya a gaba-gaba inda kowa zai gan ni.

"Nemesio Bautista!"

Na naɗe hannu. Don Filemon ya leƙo ni ta saman lasifika, na kafe shi da ido har ya kawar da kai. Ya sake kira. Dandali ya yi tsit, har kana jin kaji. Raina ya fara yin sanyi ke nan sai na ji murya a bayana.

"Yana nan."

Ban bari mun kai gida ba. A bakin coci na tare ta.

"Komadre, wa ya aike ki? Mijinki ne?"

"Allah ya kiyaye. Nawa ma da ya mutu ya fi shi amfani."

"To me ya kai bakinki?"

"Hermila, uwarsa tana kwance a makabartar nan. Wata rana zai so ya kwanta kusa da ita."

"Ya kwanta kusa da karensa!"

"Ba ke za ki hau ba, ni zan hau. Dama hanyata ce."

"Ke dai kin ji daɗin wahala. In babu ita sai kin je kasuwa kin sayo."

Ta yi dariya ta gyara igiyar kwandonta. Na yi wata guda ba na yi mata magana, ita kuwa kullum sai ta tsaya a ƙofata ta gaishe ni ta tambayi awakina, har na gaji da fushin. Bayan Nemesio ta ɗauki rabon wani maraya da ya tafi ba shi da kowa a gari, ta ɗauki na ɗan wata tsohuwa da ta makance. Ranar Asabar sai ka ji muryar nan tata 'yar siririya tana fitowa daga wuri ɗaya, yana nan, yana nan, yana nan. Samari suka sa mata suna Donya Yana-Nan. Tana ji, sai ta wuce da kwandonta.

Na daina hawa don aiki, amma ina kai mata abinci in na fita kiwo: waina, wake, ɗan barkono, wani lokaci kunun masara a gora. Wata rana na same ta durƙushe gaban wani dashe da aka gutsure wa kai, tana kallonsa kamar an mari ɗanta.

"Baƙar akuyarki ce," ta ce. "Mai yankakken kunne."

"Kin gan ta da idonki?"

"Ga kashinta nan."

"Au, yanzu har kashin awakin gari kin haddace? To akuya ba ta zuwa taro, ba ta san doka ba."

"Mai ita tana zuwa."

Muka zauna a kan dutse mai zafi muna ci. Ba inda za ka ɓoye kanka daga rana a tudun nan, mayafi muke ɗorawa a ka. Na dubi hannuwanta, duk sun faffashe, farar ƙasa ta shiga tsagogin ta zauna. Tausayi ya kama ni, ni kuwa in tausayi ya kama ni faɗa nake yi.

"Wai don Allah wa kike yi wa wannan? Itacen nan kafin ya kai ki tsawo kin zama ƙasa. Ko ice ɗaya ba za ki ƙona ba a ciki."

"Rabon Leobardo ne."

"Rabonsa Asabar ce. Yau Talata."

"Su dashen ba su san Asabar ba. Ƙishi suke ji."

"Shekara nawa yau ba waya, ba saƙo? Komadre, ki yi wa kanki faɗa."

Ta karya waina ta dangwali wake. "Ko da rai ko ba rai, ɗana sai ya samu inda zai sauka. Miƙo gorar nan."

Daga ranar na ɗaure baƙar akuyar a gida. Ba don na yarda ita ce ba.

Abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure mini kai. A Ranar Matattu kowa yakan shirya teburi a ɗakinsa, da furanni ruwan ɗorawa da kyandir da hotunan waɗanda suka riga mu, da abincin da suke so, da kofin ruwa, don sun sha tafiya kafin su iso. Domitila hoton mijinta kaɗai take sawa. Mata sun sha ce mata ta sa na Leobardo, ta ce ba a kunna wa mai rai kyandir. Amma maimakon kofi, tulu guda take cikawa ta ajiye a gindin teburin, ta rufe shi da ganye don ya yi sanyi.

"Wannan duk na marigayi ne?" na ce mata. "Mutumin da bai taɓa shan ruwa da son ransa ba? Ki sa masa kwalbar giya ki ga ko ba zai kwana biyu ba."

"Wataƙila ya zo da baƙi," ta ce, ta ci gaba da jera furanni.

Ba zan iya cewa ga shekarar da tudun ya juya ba. Abin a hankali ya zo. Wata damina dai muka lura ruwan da ke saukowa ba fari ba ne kamar da. Ciyawa ta fito a bakin ramuka. Okoten da suka tsira suka kai gwiwa, suka kai ƙugu, suka wuce kan mutum, ganyensu mai kamar allura ya zuba ya rufe dutse, ƙarƙashinsa ƙasa ta fara yin baƙi. Da gari ya ga abin yana yiwuwa sai aka dawo da tekiyon kowa da kowa can, aka yi ta dasawa, har waɗanda suka yi dariya a taro suna nuna wa baƙi da baki suna cewa "dajinmu". Tsuntsayen da ban ƙara ji ba tun ina yarinya suka dawo suna hana mutane barcin rana. Wata safiya matar mai kanti ta shigo gari a guje, zaninta jiƙe da laka, tana ihu wai idon ruwa yana tsattsafowa. Aka buga ƙararrawar coci, fada, limamin cocin, ya zo ya sa albarka, aka yanka tumaki, 'yan kaɗe-kaɗe suka busa har leɓensu ya kumbura. Shugaban gari ya yi jawabi ya gode wa magidantan da suka ba da ƙarfinsu, ya ambaci sunaye, har da Nemesio Bautista. Domitila tana bayan rumfa tana gasa wa jama'a waina. Ni ce na ji haushi, har na kasa cin naman.

Ita ko itacen girki ba ta taɓa ɗebowa daga can ba, ko busasshen reshe. Totuwar masara take ƙonawa, ɗakinta kullum hayaƙi. In na yi magana ta ce ba ita ta dasa ba, a lissafin gari Leobardo ne ya dasa, in ya zo ya ɗiba.

Nemesio kuwa ya dawo. Ya dawo da tumbi da ƙatuwar hula da ciwon sukari, waccan ta kore shi da ƙarfinsa ya ƙare. Ya tarar da gonarsa tana nan da sunansa, ya tarar da ruwa a famfo a bakin dandali. Ban buɗe masa ƙofa ba, ya gina ɗakin bulo a filin ubansa. Ya kai wa Domitila wani agogon bango mai kiɗa, ya ce na gode komadre, ya ɗauka magana ta ƙare. Maraya bai dawo ba, an ce ya yi aure can. Ɗan makauniya a akwati aka kawo shi, ya samu raminsa.

Sai tsufa ya zo mana gaba ɗaya. Ni gwiwa ya kama, ita ƙirji. Bayanta ya lanƙwashe daidai yadda kwando ya koya masa. Duk da haka tana hawa, don can ƙololuwa akwai sauran fari, kuma nan ne rabon Leobardo ya koma. Ranar da ba ta sauko da wuri ba, masu kiwo suka same ta zaune ta jingina da wani okote, numfashi yana yi mata gardama. A kan ƙyauren ƙofa aka kwantar da ita aka sauko da ita. Likita ya hauro daga kwari ya duba, ya ba da ƙwayoyi, ya kira ni gefe ya ce a bar ta ta ci abin da take so.

Na tare a ɗakinta. Rufin nan da Leobardo ya ce zai cire yana nan, da kwanonin tarar ruwa a ƙasa. Ranar Asabar da safe ina dama mata kunu sai lasifika ta fara. Ta ce in buɗe taga. Muka ji sunaye suna tahowa gida-gida, har aka iso.

"Leobardo Montesinos!"

Ta ɗaga kai daga matashi, ta tattara ɗan abin da ya rage mata. "Yana nan." Ko ni da ke gefenta da kyar na ji. A dandali ba wanda ya amsa, Don Filemon ya ɗan jira ya wuce.

Ta juyo ta dube ni. Na san abin da ke bakinta, na riga ta.

"Kar ma ki fara, komadre. Gwiwoyin nan ko coci da kyar suke kai ni."

"Ban ce komai ba."

"Idonki ya ce. Kuma bari in faɗa miki abin da duk garin nan ke tsoron faɗa miki. Yaron nan ba ya raye. Da yana raye da ko a kurkuku yake ya nemo ki. Ni na riƙe shi a coci, ina da bakin faɗa."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta kore ni. Sai ta ce, "Na sani."

Ludayin ya tsaya a hannuna. "Kin san me?"

"Tun shekara ta biyu. Wani mutumin ƙauyen bayan dutse ya same ni a tudu, tare suka shiga hamadar. Ya ce ruwansu ya ƙare, mai yi musu jagora ya gudu. Leobardo ya kasa tafiya." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ya ce bai kira sunana ba, Hermila, kar ki ɗauka wani abin daɗi zan faɗa miki. Inuwa yake ta roƙo. Su kai shi inuwa, ko 'yar kaɗan. Suka duba gabas da yamma, babu itace ko ɗaya. Sai riga suka cire suka riƙe masa a kan fuska har ya daina magana. Suka tara duwatsu a kansa. Mutumin ya ce ko an kashe shi ba zai gane wurin ba."

Na zauna a bakin gado. Tulun nan ya faɗo mini a rai, da duwatsun da take tsayar wa dashe. Shekara da shekaru ina yi mata ba'a a kansu.

"To ba gawa, ba mai dawowa," na ce. "Ramin wa kike tsarewa? Gonar wa? Kika kashe kanki a kan dutse, kika bar ni ina zage-zage kamar mahaukaciya, ba ki gaya mini ba!"

"Da na gaya miki, da kafin azahar gari ya ji."

Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

"Mamaci ba a kiransa a tekiyo," ta ce. "Ran da na ce ya mutu, ran nan Filemon zai tsallake shi. Ba shi da kabari, ba shi da mata, ba shi da ɗa. Wa zai ƙara faɗin sunansa? Ni kuwa duk Asabar sai an faɗe shi da ƙarfi, har tudu yana maimaitawa, gari duka ya ji. Diga ai ba ta yi tsada ba a kan wannan."

"Sauran ranakun fa? Wa ke kiransa ranar Talata?"

Ta juya fuska wajen taga, inda tudun yake, kore har ya yi duhu. "Ɗan wata uwar zai zo wucewa da rana," ta ce. "Ya samu inda zai zauna."

Can ta kama hannuna. Tafinta kamar ɓawon itace. "Kar ki amsa don tausayi, komadre. In ba za ki hau ba, ki yi shiru. Ban taɓa yi masa amsar ƙarya ba."

"Dama ba zan amsa ba," na ce. "Sha kununki."

Ranar Laraba Domitila ta cika, da hantsi, ina shanya mata mayafi a waje. Muka binne ta kusa da mijinta. Gari duka ya fito, aka yi kiɗa, aka ce mace ce mai haƙuri. Ni ban yi kuka ba, ina ta faɗa da masu haƙa don ramin ya karkace. Ban gaya wa kowa abin da ta gaya mini ba, kuma wannan shi ne karo na farko da bakina ya riƙe abu.

Dokarmu ta ce in gida ya rufe ba kowa, ba a jiran damina. A tekiyo na farko za a kira sunan sau uku, in ba a amsa ba shi ke nan. Na je dandalin ne don in ga idon mutane. Don Filemon ya tsufa, sai an riƙe shi yake hawa baranda, amma muryar tana nan. Ya bi gidaje har ya iso nata. Ya cire hula.

"Leobardo Montesinos!"

Ba wanda ya motsa. Na dubi matan da ke ɗiban ruwa a famfo, na dubi masu tsintar naman kaza a dajin suna kaiwa kasuwa. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa.

"Leobardo Montesinos!"

Na nemo Nemesio da ido. Yana tsaye a inuwar ofis da hularsa, mutumin da aka yi shekaru ana sara dutse da sunansa. Ya ga ina kallonsa, ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ban taɓa ƙin ɗan Adam kamar yadda na ƙi shi a lokacin ba.

Don Filemon ya ja numfashi. Ya kira na uku a hankali, yana jan kowane harafi, kamar mai ba mutum lokaci ya iso daga nesa. Sunan ya fita ya bugi tudu ya dawo. A raina na ga yaron da manyan kunnuwansa yana gudu yana dariya, ni ina cire takalmi.

"Yana nan!"

Da ƙarfi ta fita daga bakina, har karnuka suka yi haushi. Mutane suka juyo. Wata ta ce, "Donya Hermila, da waɗannan gwiwoyin?" Na ce ta kula da nata.

Digar Domitila tana bayan ƙofa inda ta saba ajiyewa, ƙotar ta lotsa daidai wurin hannunta, nawa bai cika wurin ba. Na ɗauki leda biyu na dashe na bi hanyar bayan makabarta. Samari suka wuce ni, wani ya ce in kawo ya riƙe mini, na ce ba rabonsa ba ne. Kafin in kai rabi rana ta take, gwiwoyina suka ce sun gama. Na zauna a gindin wani okote, cikin na farko-farko, wanda hannu biyu ba sa zagaye shi. A gefensa har yanzu ga faffaɗan dutsen da ta tsayar masa yana jariri, saiwa ta ture shi ya karkace. Wurin sanyi ƙalau, iska tana wucewa ta cikin ganye, ƙasa da laushi kamar katifa. Inuwa ce mai kyau, irin wadda mutum zai roƙa. Na zauna a cikinta na yi kukan da ban yi a makabarta ba, na yi nata, na yi nasa.

Sannan na share fuska da mayafi na dafa digar na miƙe, don rabonsa yana can sama, inda ƙasa take fara har yanzu.